Mashigin da aka haƙa don kaya

Tun shekarar 793 Sarki Charlemagne ya sa a haƙa hanyar ruwa tsakanin kogin Rhine da Danube. Sai a 1992 Jamus ta kammala irin wannan mashigi, kilomita 171 daga Bamberg zuwa Kelheim, ana sa ran jiragen kaya za su cika shi. Kayan ba su zo yadda aka zata ba, jiragen 'yan yawon buɗe ido ne suka yi yawa.

A Bamberg ake sauke su su ɗanɗana giyar hayaƙi, wadda ake busar da tsiron sha'irinta a kan wutar itace. A da haka ake yi a wurare da dama na Turai, kafin a ƙera murhu marar hayaƙi. Gidajen Schlenkerla da Spezial ne suka ƙi bari, kuma yau su baƙin ke nema.