Amanar Kaset

Tun da na ajiye ƙarfen dalma, saboda gani ya yi rauni kuma hannu ya soma rawa, babu abin da yake sosa mini rai kamar in ji samarin da ke tura wa jama'a waƙoƙi a memori suna kiran kansu magadanmu, alhali da za a miƙa wa ɗayansu rikodar da bel ɗinta ya saki, ko kaset da zarensa ya harɗe, da bai san inda zai kama ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa da rahama, a Wurno ya koya mini sana'ar gyaran rediyo, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka yi masa makwanci a 1837, a wata rumfa da a kan garwashi muke ɗora ƙarfen dalma. Da kunne yake gane cutar rediyo, domin idan aka kawo masa National ko Philips wadda ta ƙi kamo Kaduna a mita 49, yakan murɗa ta, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya nuna mini transiston da ya mutu tun ban kwance murfi ba. Mutanen Rabah kuwa ba su haƙuri da rediyon da ba ta kamo Kaduna, don a ganinsu tashar da aka kafa a 1962 bisa himmar Sardauna, ɗan garinsu, tasu ce ta gado.

Amma aikin da maigidana ya fi ɗauka da girma shi ne wasiƙar kaset, wadda yau ta shuɗe sarai. Ɗan cirani da ke Ikko ko Kumasi, ko wanda ya tafi aikin Hajji ya zauna a Makka shekaru, yakan cika kaset da muryarsa ya ba matafiyi. Mahaifiyarsa kuma, wadda ba ta karanta boko ko ajami, sai ta aiko a ɗauki rikoda a kai mata har ɗaka, ta saurara, ta yi kukanta, ta mayar da amsa a bayan kaset ɗin. A cikin irin waɗannan akwai wasiyya, da maganar aure, da iyakar gona, da bashi, saboda haka sharaɗin maigidana shi ne yaron da ya danna maɓalli ya fita zaure ya jira, idan kuwa zare ya tsinke aka kawo gyara, a liƙa shi da jan farce, a naɗe da biro, ba tare da an saurari fiye da abin da gwaji ya wajabta ba. Ya taɓa korar wani almajirinsa saboda ya maimaita a kasuwa maganar da ya ji a kaset ɗin wata dattijuwa, duk kuwa da roƙon da aka yi masa.

Shekarun ginin madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, su suka cika mana rumfa da manyan rikodoji masu lasifika biyu da ma'aikata ke saye, har muka koma kwafar kaset dare da rana, musamman tafsiri idan azumi ya kama. Ko a cikin wannan turmutsitsi maigidana bai yarda kaset ya fita hannunsa ba sai an rubuta a kwalinsa wane ne mai magana, a ina aka ɗauka, wace shekara, daga kaset ɗin wa aka kwafo, kamar yadda magabata masu kwafar littafi ke rufe aikinsu da sunan marubuci da tarihin gamawa.

Adalci ne in faɗa cewa intanet ta yi hidima, domin yau yaro a Acida yana jin Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo a YouTube ko a zaurukan WhatsApp, abin da dā sai mai gata. Kuma da waya guda daga rikoda zuwa kwamfuta, da manhaja ta kyauta irin su Audacity, ana kwashe kaset a rage masa ƙugi. Illar ita ce yawancin abin da ake ɗorawa ba shi da isnadi: ana jingina waƙar wani ga wani, ana yanke gabatarwar da ke farkonta, ana kwafa da rikodar da gudunta ya kauce har muryar dattijo ta koma ta yaro.

Roƙona ga 'ya'yanmu na Wurno da Rabah da Goronyo shi ne ku binciki adakokin iyayenku kafin zafi da ƙura su cinye zaren, ku fara da wasiƙun murya tun da waƙoƙin sarauta sun sami masu kula da su, ku nemi izinin masu haƙƙi kafin ku yaɗa, kuma ku tambayi tsofaffin da suka rage sunan mai magana da shekarar da ya yi ta, ku rubuta.