SAWAKIN, TSIBIRIN MAHAJJATA

A ƙarshen shekarun 1920 jirgin ƙasa ya iso Gusau daga Zariya, ya wuce Ƙauran Namoda. Jirgin nan ya kawo baƙi masu yawa, Yarbawa da Ibo da waɗansu kabilu, waɗansu ma'aikatan reluwe, waɗansu 'yan ciniki, suka zauna a Sabon Gari. Amma a daidai lokacin da baƙi ke shigowa, waɗansu mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu kuwa fita su ke yi, sun fuskanci gabas da nufin aikin Hajji, su ma su zama baƙi a garuruwan waɗansu. Zangonsu na ƙarshe a ƙasar Afirka shi ne wani tsibiri da a ke kira Sawakin, a bakin Bahar Maliya, cikin ƙasar Sudan.

Hanyar ba ƙarama ba ce. Mai niyya ya kan bi ta Kano da Barno, ya ƙetare zuwa Fot Lami da Wadai, ya shiga Darfur, sa'an nan ya kai El Obeid inda a ke samun jirgin ƙasa. Talaka ba ya iya yinta a shekara guda. In guzuri ya ƙare sai ya yada zango ya yi ƙwadago. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sennar a 1925 aka buɗe manyan gonakin auduga a Jazira, mutumin Zamfara kuwa ba a koya masa tsinkar auduga. Kusa da nan kuma ga garin Maiwurno, wanda Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Saboda haka akwai wanda ya kan yi shekara biyar ko fiye kafin ya ga teku, har yaron da aka haifa a hanya ya isa tallar ƙosai.

Shi Sawakin ɗan ƙaramin tsibiri ne kewayayye, yana cikin wani lungu na teku, sai ta wata siririyar mashiga jiragen ruwa ke isa gare shi. Tsohon gari ne ƙwarai. Ibn Battuta, matafiyin nan da ya zo har Takedda ta wajen Azbin a 1353, ya sauka a Sawakin wajen 1330, ya tarar babu ruwan sha a ciki, sai an ɗauko a jirgi. Mutanen wurin suna da wata tatsuniya, wai nan ne Annabi Sulaimanu ya ke tsare aljannu. Bayan da Turkawa suka ci Masar a 1517 tsibirin ya shiga hannunsu, a 1865 kuma suka danƙa wa Masar shi. Da aka buɗe mashigin Suwes a 1869 ciniki ya bunƙasa, har a 1877 Gwamna Godon ya sa aka yi ciko aka haɗa tsibirin da gaɓa. A zamanin Mahadi, Usman Diƙna ya yi shekaru yana kewaye da garin, amma bai ci shi ba.

Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne gine-ginen. Ba da tubali aka yi su ba, da wani irin farin dutse ne mai ramuka wanda ke girma a ƙarƙashin teku, dangin murjani. Benaye ne hawa biyu ko uku, an shafe su da farar ƙasa, da tagogi na katako masu sassaƙa waɗanda suka turo waje, don iska ta shiga, mata kuma su ga titi ba a gansu ba. Akwai manyan masallatai biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya. Attajiran Larabawa na Jidda da Hadramaut, da Indiyawa, su ne masu benayen. 'Yan ƙasa kuwa, watau Beja, makiyayan raƙuma ne, su kan shigo da madara da awaki daga tsaunuka. Ba su da abin da su ke so kamar gahawa, a soya shi, a daka da citta, a dafa cikin ɗan tulun yumɓu da su ke kira jabana, a zauna a sha da hira.

Mutanenmu ba a tsibirin su ke sauka ba, sai a gaɓa, a gefen unguwar da a ke kira Gef. Nan su kan kafa bukkoki, su yi tasu unguwa da mai unguwa da limami, kamar dai Sabon Gari. Larabawa suna kiransu Takari ko Fallata, ba ruwansu da wane ne Bakatsine, wane ne Bazamfare. Maza su yi dako, da ga-ruwa, da wanki. Mata su yi abincin sayarwa. Malamai su yi rubutu. Da haka a ke tara kuɗin jirgi.

Daga nan zuwa Jidda kimanin mil 200 ne. Hukuma ta kan tsare mahajjata a yi musu lamba, a duba takardunsu. Wanda ba shi da kuɗi ko takarda sai ya shiga ƙaramin jirgi mai filafilai, wanda a ke kira sambuk, a ƙetare da shi a ɓoye da dare. Nan hatsarin ya ke. Waɗansu sun nutse, waɗansu an zubar da su a gaɓar da babu ruwa, waɗansu kuma azzalumai sun raba su da 'ya'yansu sun sayar, gama sai a 1962 aka hana bauta a ƙasar Makka. Wanda ya sami mai masauki na kirki ya tsira, wanda ya faɗa hannun macuci kuwa ba a sake jin labarinsa a gida ba.

Abin da ya kashe Sawakin shi ne ƙuncin mashigarsa, manyan jirage masu tururi ba su iya shiga. Sai Ingilishi suka soma gina sabuwar tasha a 1905, wajen mil 36 arewa, aka buɗe ta a 1909, aka sa mata suna Fot Sudan. Attajirai suka ƙaura. Dutsen nan kuwa in ba a shafe shi a kai a kai ba sai ya ruguje, benaye suka yi ta zubewa. Daga shekarun 1950 kuma jirgin sama ya soma ɗaukar alhazai daga Kano, tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i. A 1991 an buɗe sabuwar tasha a gaɓa don jiragen Jidda, daga baya Turkawa suka gyara masallatan nan biyu, amma yawancin tsibirin kango ne.

Jikokin waɗanda ba su komo ba suna nan a Sudan, da yawa suna jin Hausa har wa yau. Mutumin Gusau da ya san wannan labari ba zai raina mazaunin Sabon Gari don ba ɗan gari ba ne, gama kakanninsa ma sun yi zaman baƙunci a bakin teku, sun ga ranar wanda ya ba su ruwa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, baƙonka Annabinka.