Darasin Sanin Hukuma Daga Kongo Zuwa Kudancin Kaduna

Fannin nan da muke karantar da ɗaliban shekarar farko, wanda ke bayanin yadda hukumar tarayya da ta jiha suke gudana, asalinsa a Arewa horon ma'aikata ne, tun zamanin da makarantar Kongo ta Zariya take tarbiyyar akawuna da ma'aikatan En'e, kafin a shigar da ita cikin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Abin da ake bukata ga almajiri a lokacin shi ne ya san na gaba da shi, ya kuma iya riƙe littafin baitulmali. Amma mas'alar inda iko ya samo asali, da wanda ke da haƙƙin tuhumar mai riƙe da shi, sai daga baya ta shigo aji.

Mu da muka gaji darasin, daga Gidan Waya har Sabon Tasha, mun tarar da shi da wata lalura, wato matanin da ake yi wa sharhi, tsarin mulkin ƙasa, ba ya zama wuri ɗaya. Malamanmu sun koyi tsarin firimiya da yankuna uku na 1954, sai ga jihohi 12 a 1967. Jihar Arewa ta Tsakiya ta koma Kaduna a 1976, shekarar da gyaran ƙananan hukumomi ya shafe En'e. Tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka ya zo a 1979, aka cire Katsina daga Kaduna a 1987. Mafi nauyi kuwa su ne shekarun soja, sa'ad da malami zai tsaya yana fayyace aikin majalisa alhali ƙofarta a rufe take.

A ganina babu hujjar da ta kai ta gida ƙarfi. Duk wanda ya karantar da rabon iko ya san cewa idan aka kawo labarin Alhaji Balarabe Musa, gwamnan Kaduna na PRP wanda majalisar da NPN ta rinjaya ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, har ta tsige shi a watan Yunin 1981, nan take ɗalibai ke fahimtar abin da shafuffuka da yawa suka kasa fahimtar da su, muhawara kuma ta kaure har bayan an tashi. Haka nan hawan marigayi Patrick Yakowa kujerar gwamna a 2010, bayan Gwamna Namadi Sambo ya zama mataimakin shugaban ƙasa, ya ishi ɗan Kudancin Kaduna bayani a kan babin gadon mulki.

Duk da haka ɓangaren jiha ne manhaja ta fi tauyewa, har ka sami ɗalibin da ya haddace sanatoci 109 da wakilai 360, amma bai san 'yan majalisar jiharsa 34 ne ba. Ina roƙon 'yan'uwana malamai, kafin zango ya ƙare, su kai ɗalibansu zauren Lugard su saurari zaman majalisa, su kuma leƙa sakatariyar ƙaramar hukumar Chikun da ke Kujama.