Kafin ka gina layin dogon Kaduna a cikin gem, zaɓi shekara tukuna

Idan kana cikin masu buga gem ɗin tuƙin jirgin ƙasa a waya, ka san yadda abin yake: ka tuƙa a Jamus, ka tuƙa a Indiya, ka ratsa dusar ƙanƙara a Amurka, amma da wuya ka ci karo da Rigachikun ko Zariya. Masu irin waɗannan gem ɗin sun daɗe da ba mutane damar gina hanyarsu da kansu. Microsoft Train Simulator da Trainz duk a 2001 suka fito, kuma abin da ya raya su har yau shi ne hanyoyin da 'yan wasa suka gina. Open Rails kyauta ne a kwamfuta, Trainz kuma yana da sashen gini mai suna Surveyor, har da nau'insa na waya. To ka ce za ka gina tamu ta Kaduna. Tambayar farko ita ce: Kaduna ta wace shekara?

Dalili kuwa, layin dogon Kaduna ba ɗaya ba ne. Wanda ya ratsa gari ya wuce ta wajen Kawo, nan kusa da Unguwar Dosa, ya miƙe Rigachikun zuwa Zariya, ya girmi Kaduna a matsayin hedikwata. A 1907 aka fara aikinsa daga Baro a bakin Kwara, ƙarƙashin Gwamna Percy Girouard, injiniya ɗan Kanada wanda ya shimfiɗa wa sojojin Ingila layi a hamadar Sudan. Ƙarfe ya isa Kano a 1911. Sai a 1917 Turawa suka kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru suka dawo da ita Kaduna, kuma layin dogon na cikin abin da ya ja su. Wato idan ka zaɓi 1912, kusan daji za ka gina: gada a kan kogi, ƙaramar tasha, tankin ruwa na injin kwal, sai ciyawa da itatuwa. Wannan ita ce hanya mafi sauƙin gini, amma kuma mafi wuyar samun hoto.

Turawa auduga suka sa a gaba lokacin da suka kawo jirgi, don masaƙun Ingila. Manoman Kano suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa, daga nan dalar gyaɗa ta samo asali, kuma nan irin su Alhassan Ɗantata suka yi fice. Wannan ba labarin aji kawai ba ne, shi ke gaya maka abin da za ka loda wa taragunka. Jirgin da ya taso daga Kano ya nufi Kudu, buhunan gyaɗa ne da auduga da fatu da shanu. Wanda ya fito daga Ikko kuma gishiri, kananzir, atamfa, goro.

Kafin ƙarshen shekarun 1920 layin gabas daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan ya haɗe da na Ikko a kudancin kogi, wurin da ake kira Kaduna Junction. Daga Zariya reshe ya tafi Gusau da Ƙauran Namoda a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930. Akwai ma wani ɗan siririn layi daga Zariya zuwa Jos na kwasar kuza, faɗinsa milimita 762 kacal, an buɗe shi 1914 aka rufe 1957. Idan hanyarka ta 1950 ce kuma ta kai Zariya, dole ya bayyana; idan ta 1965 ce, sai dai kufainsa.

Yanzu ga inda yawancin masu gini ke zamewa, wato faɗin layi. Tsohon layinmu milimita 1,067 ne tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Sabon na Abuja zuwa Kaduna, wanda aka buɗe a watan Yulin 2016 daga Idu zuwa Rigasa, kilomita 186, shi milimita 1,435 ne. Kusan duk ƙarfen da gem zai fara miƙo maka na 1,435 ne, saboda shi ake amfani da shi a Turai da Amurka. Ka shimfiɗa shi ta Bakin Dogo, duk wani tsohon ma'aikacin reluwe da ya kalli allon wayarka zai ce maka wannan ba namu ba ne. Dabarar ita ce ka nemo kayan da aka yi wa Afirka ta Kudu, ko Japan, ko jihar Queensland ta Ostireliya, duk faɗinsu ɗaya da tsohon namu. Kamfanin da ya ƙirƙiri Trainz ma a Queensland ɗin yake, don haka ba a rasa irin waɗannan kaya a rumbunsu. Ka kuma tuna tsohon layi guda ɗaya ne tal, ba tagwaye ba. Jirage biyu sai a tasha suke kauce wa juna. A ganina wannan jiran shi ne daɗin hanyar, kada ka cire shi don gem ya yi sauri.

Kan jirgi ma da shekararsa. Daga ƙarshen shekarun 1940 an kawo injinan kwal da aka raɗa wa sunayen koguna, na dizal kuma suka fara shigowa a tsakiyar shekarun 1950, daidai lokacin da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya a 1955. An ɗauki shekaru ana amfani da su tare, saboda haka hanyar 1960 za ta iya ɗaukar duka biyun. Ga wani ƙaramin abu da ake mantawa: sai a watan Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙin mota a hannun dama. Duk motar da za ka ajiye a titi kafin wannan shekarar, hagu za ta bi. Masaƙar Kakuri ta farko kuma 1957 ce, kada ta fito a hanyar 1940.

Maganar ƙasa, tudu da kwari, wannan an sauƙaƙa maka. A watan Fabrairun 2000 hukumar NASA ta auna tsawon doron ƙasa daga sama, bayanan ana kiransu SRTM, kyauta ne, kuma manhajoji irin su TransDEM suna juya su zuwa filin Trainz. OpenRailwayMap zai nuna maka inda layi ya bi. Wannan ɓangaren dai sai da kwamfuta, waya ba za ta iya ba. Amma hoton tauraron ɗan'adam Kaduna ta yau yake nunawa, gidaje da rumfuna sun matse layin har bakin ƙarfe, kuma tsofaffin hotunan Google Earth ba sa komawa zamanin injin kwal. Abin da ya rage yana bakin mutane: tsofaffin direbobi, masu ba da hannu, matan da suka yi talla a tasha. Su ne suka san inda tankin ruwa yake, da gangaren da inji ke nishi. Kullum raguwa suke yi, ga kuma sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka aza harsashinsa a 2021, wanda in ya kammala tsohon zai ƙara shiga mantuwa. Ka ɗauki wayarka ka naɗi muryarsu da izininsu.

Hoto kuwa, a yi hattara. Tun bayan harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022, jami'an tsaro ba sa wasa da mai ɗaukar hoton layi ko gada ko tasha. Ka nemi izini, kada ka tsaya kan ƙarfe, kada ka bi layi cikin daji don auna kwana.

Kuma kada ka fara da Kaduna zuwa Kano gaba ɗaya, za ka gaji ka watsar. Ɗauki daga Kaduna Junction, ka haye gada, ka ratsa gari zuwa Rigachikun. Ka rubuta shekarar da ka zaɓa a jikin sunan hanyar, misali Kaduna 1962, duk abin da za ka ajiye sai ka tambayi kanka ko yana nan a wannan shekarar.