Bundi: Garin da Ya Gina Darajarsa a Ƙarƙashin Ƙasa

A kudu maso gabashin jihar Rajastan ta ƙasar Indiya, cikin wani kwari da duwatsu suka rungume, akwai wani tsohon gari mai suna Bundi. Tsakaninsa da birnin Kota bai wuce kilomita 40 ba. Baƙin da ke tururuwa zuwa Jaipur da Udaipur, ƙalilan ne daga cikinsu ke ratsewa su gan shi, alhali ya yi aƙalla shekara 600 yana gidan sarautar Hada, reshe ɗaya daga cikin Rajputawa, wato zuriyar sarakuna mayaƙa na arewa maso yammacin Indiya.

Asalin kwarin na ƙabilar Mina ne. Rao Deva ne ya karɓe shi daga hannunsu, magadansa kuma suka gina ganuwar Taragarh bisa tsaunin da ke kallon garin a ƙarni na 14. A shekarar 1569, Sarkin Mugal Akbar ya yi wa ganuwar Ranthambore ƙawanya, sai Rao Surjan na Bundi, wanda ke riƙe da ita, ya miƙa wuya. Wannan mubaya'a ta rage wa gidan Hada ƴanci, amma ta buɗe masa ƙofar dukiya da muƙamai a rundunar Mugal. Da wannan arziki aka faɗaɗa fadar da ke manne da ƙirjin dutse, musamman zamanin Rao Ratan Singh da Rao Chhatrasal a ƙarni na 17. A ƙarni na 18 aka ƙara sashen Chitrashala, wanda bangayensa ke cike da zane-zane masu launin shuɗi da kore: labaran Krishna, hawan sarki, farauta, da gizagizan damina.

Sai dai fada ta sarki ce da fadawansa. Abin da ya shafi rayuwar kowa yana ƙasa, cikin unguwanni. Ruwan sama a wannan yanki wata uku yake yi ya ɗauke, sauran shekara sai rani. Don haka mutanen Bundi suka mai da tanadin ruwa babbar sana'ar gini. Sun sassaƙa manyan tafkuna cikin dutsen Taragarh, sun datse ruwan gangare ya zama tafkin Nawal Sagar, sannan suka haƙa rijiyoyi masu matakala fiye da 50, waɗanda ake kira baori. Hikimar baori ita ce, maimakon a zura guga, mutum ne ke bin matakala ya tarar da ruwa a duk inda ya tsaya: kusa da baki bayan damina, can ƙasa a tsakiyar bazara.

Mafi shahara ita ce Raniji ki Baori, wato rijiyar sarauniya, wadda Rani Nathavati, matar Rao Raja Anirudh Singh, ta gina a 1699. Zurfinta ya kai wajen mita 46. An yi mata doguwar ƙofa da ginshiƙai masu siffar giwaye, aka jera gumaka a jikin bango. Haƙa rijiya aikin neman lada ne a addininsu, kuma hanya ce da matan sarakuna da attajirai ke barin suna. Nan mata kan haɗu da hantsi, nan matafiyi kan fake wa zafin rana.

Ƙarfin Bundi ya fara raguwa tun farkon ƙarni na 17, lokacin da aka yanke Kota aka ba Madho Singh, ɗan Rao Ratan, ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Yaƙe-yaƙe da Jaipur da harajin Maratha suka tatse ta a ƙarni na 18. A 1818 ta shiga ƙarƙashin kariyar Turawan Ingila, a 1948 kuma ta narke cikin tarayyar Rajastan. Babban layin dogo na Delhi zuwa Mumbai ya bi ta Kota, masana'antu suka bi shi. Wannan koma baya shi ya ceci tsohon garin daga rusau: lungunansa da gidajensa masu shuɗin fenti suna nan.

Amma abin da ya tsira daga yaƙi bai tsira daga sakaci ba. Da ruwan famfo da burtsatse suka iso, aka juya wa baori baya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ya ja da baya, hanyoyin da ke shigar da ruwan damina suka toshe, wasu rijiyoyin suka zama juji. Ana kula da rijiyar sarauniya saboda baƙi, an gyara wasu ƴan kaɗan, saura kuwa sai gansakuka da tattabaru. Fada ko an bar ta, a iya share ta a nuna wa baƙo. Rijiya kuwa ranta ruwa ne, kuma magabatan Bundi ba don kallo suka haƙa ta ba.