Tsakanin New York da Faris: Tafiyar da Ta Gajarta, Ta Sake Tsawaita

Tazarar da ke tsakanin birnin New York na Amurka da birnin Faris na Faransa ta kai kusan kilomita 5,800, kuma babban ɓangarenta ruwan Tekun Atlantika ne. Tazarar tana nan yadda take. Abin da ya yi ta sauyawa tun ƙarni na 20 shi ne yawan awannin da ake ɓatawa kafin a ƙetare ta.

A shekarar 1919 wani mai otal a New York, Raymond Orteig, ya sa ladan dala 25,000 ga duk wanda ya fara tashi daga ɗayan biranen zuwa ɗayan ba tare da ya yada zango ba. A wancan zamani jirgin ruwa kan shafe kwana biyar ko fiye a kan teku. Neman wannan lada ya ci rayuka. A watan Mayun 1927 Faransawa biyu, Charles Nungesser da François Coli, suka tashi daga Faris, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ba a cika mako biyu ba sai Charles Lindbergh ya tashi daga New York shi kaɗai, a jirgi mai inji ɗaya, ya sauka a filin Le Bourget ranar 21 ga Mayu bayan awa 33 da rabi a sama.

A watan Oktoban 1958 kamfanin Pan Am ya fara jigilar fasinjoji a wannan hanya da jirgin Boeing 707, tafiyar ta koma ƙasa da awa goma. A 1977 kuma Concorde, wanda Faransa da Birtaniya suka ƙera tare, ya fara zuwa New York. Gudunsa ya ninka gudun sauti sau biyu, yana ƙetare tekun cikin awa uku da rabi. Da yake agogon Faris yana gaban na New York da awa shida, fasinja kan sauka kafin lokacin da ya tashi, bisa lissafin agogo.

Sai dai Concorde fasinja ɗari kacal yake ɗauka, ga shan mai, ga kuɗin kujera da sai attajirai. Boeing 747 kuwa, duk da bai kai shi gudu ba, yana kwasar mutum ɗari uku da ɗoriya, wanda hakan ya karya farashi. Ranar 25 ga Yulin 2000 wani Concorde ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Faris, mutum 113 suka halaka. A 2003 aka jingine shi gaba ɗaya.

Yau tafiyar takan ɗauki awa bakwai zuwa takwas, mai nufar Faris ya fi saurin isa saboda iskar sama tana tura jirgin gabas. An ninka awannin Concorde, amma miliyoyin mutanen da ba su da kuɗin kujerarsa su ne suke ƙetare tekun a yanzu.