Fedar Faz: Tarihinta a Kiɗan Jita

Fedar faz ƙaramar na'ura ce da mai kaɗa jitar lantarki ke ajiyewa a ƙasa, tsakanin jita da amfilifaya, yana taka ta da ƙafa idan yana so sauti ya yi kauri, ya yi gurnani, ya kuma daɗe bai mutu ba. An fara sayar da ita a Amurka a 1962, ta yi tashe a kiɗan rok, ta iso Legas a farkon shekarun 1970. A yau irin amonta yana cikin abubuwan da aka san makaɗan jitar Nijar da su.

Yadda take aiki

Idan aka kaɗa tsirkiya, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta yakan mayar da girgizar ta zama sigina marar ƙarfi. Faz tana tura siginar nan cikin transista biyu ko uku, ta ƙara mata ƙarfi fiye da yadda za su iya ɗauka, sai sautin ya tsage ya fito da kaushi, kamar busar algaita a kusa da kunne. Yawancin fedojin batir mai volt 9 suke ci, kuma maƙunnansu ba su wuce biyu ko uku ba: na ƙara, na yawan kaushi, wani lokaci da na kaifin sauti.

Mai gwada sabuwar feda yakan sa ta farko a layi, wato wayar jita ta shiga cikinta kai tsaye kafin sauran na'urori. Dalili shi ne tsofaffin samfura suna bin maƙunnin jitar kanta: a rage shi kaɗan sauti ya washe, a buɗe shi gurnani ya dawo. Na farko-farko da transistan jamaniyam aka yi su, shi kuwa ba ya shiri da zafi, sautinsa yana sauyawa idan ya ɗumama. A garuruwa irin su Agadas, Damagaram da Gure, inda zafin bazara kan haura digiri 40, masu transistan silikon sun fi tsayawa a kan sauti ɗaya.

Asali

Sautin ya riga na'urar zuwa duniya, kuma daga lalacewar kaya ya samo asali. A 1951, a birnin Memphis, an ɗauki waƙar "Rocket 88" da amfilifayar Willie Kizart wadda lasifikarta ta samu matsala, aka bar kaushin a faifai. Link Wray ya huda lasifikarsa da gangan a 1958, Dave Davies na ƙungiyar The Kinks a Ingila ya tsaga tasa da reza a 1964.

Abin da ya haifar da fedar ya faru ne a Nashville, lokacin ɗaukar waƙar Marty Robbins mai suna "Don't Worry", wadda ta fito a 1961. Wani layi na teburin haɗa sauti ya lalace, jitar Grady Martin ta fito da gurnani, waƙar kuma ta karɓu. Da makaɗa suka dinga neman irin wannan amo, injiniyan ɗaukar, Glenn Snoddy, da abokin aikinsa Revis Hobbs suka ƙera da'irar transista uku da ke kwaikwayonsa. Kamfanin Gibson ya fitar da ita a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone FZ-1, yana tallata cewa za ta sa jita ta yi kukan kayan busa.

Da farko kasuwa ba ta buɗe ba. Sai a 1965, da Keith Richards na Rolling Stones ya yi amfani da ita a "Satisfaction", aka yi rububinta. A shekarar ne Gary Hurst ya ƙera Tone Bender a Landan. Fuzz Face ta kamfanin Arbiter, mai siffar faifai da transista biyu, ta biyo baya a 1966, ita ce Jimi Hendrix ya yi suna da ita. Big Muff ta kamfanin Electro-Harmonix na New York ta fito wajen 1969, har yanzu ana ƙera ta.

Shigowarta Afirka

Bayan yaƙin basasar Nijeriya ya ƙare a 1970, samarin Legas da na gabashin ƙasar da suka ji faya-fayan Hendrix da Santana suka kafa ƙungiyoyi irin su The Funkees, Blo da Ofege. 'Yan Ofege ɗaliban kwalejin St. Gregory ne a Legas lokacin da suka fitar da faifansu na farko a 1973, shekarar da Blo ma ta fitar da nata, kuma faz ta cika su duka biyun. A Zambiya, ƙungiyar WITCH da Paul Ngozi sun bi wannan hanya a kiɗan da ake kira Zamrock.

A Nijar

Hanyar Nijar daban ce. Kiɗan jitar Abzinawa ya taso ne a tsakanin samarin da fari da rashin aiki suka kora zuwa Aljeriya da Libiya. A can Ibrahim ag Alhabib da abokansa suka kafa Tinariwen a ƙarshen shekarun 1970. A ɓangaren Nijar, Abdallah ag Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist n'Akal ne suka share fage, kaset-kaset ɗinsu suna yawo hannu da hannu a lokacin tawayen Abzinawa na 1990 zuwa 1995.

Bayan sulhu, jita ta koma kiɗan biki, a nan ne kaushin ya shigo. Ana shimfiɗa tabarmi a fili, a tayar da janareto, a jona ƙaramar amfilifaya. Domin a ji jita a kan ganguna da guɗa da tafi, dole a murɗa ta har ƙarshe, lasifika ta riƙa tsagewa. Jama'a ba su ɗauki wannan a matsayin aibi ba, domin kunnen Sahel ya saba da sauti mai zuza: ana maƙala ƙarfe mai zobba a wuyan molo, ana ɗaura igiya a fatar ganga, duk don amo ya yi kauri. Kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da wannan kiɗa yadda yake, a faifan Group Inerane na 2007 da na Group Bombino na 2009, dukansu daga Agadas.

Omara Moctar, wanda aka fi sani da Bombino, ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso da wani sabon tawaye ya ɓarke a 2007, ya dawo ya yi wasa a gaban babban masallacin Agadas a 2010. Faifansa Nomad na 2013 a Nashville aka ɗauke shi, garin da aka ƙirƙiro faz, a hannun Dan Auerbach na The Black Keys. Da faifan Deran na 2018 ya zama ɗan Nijar na farko da ya shiga takarar kyautar Grammy.

Mdou Moctar, bahago ɗan jihar Tawa, da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko. A Sakkwato ya ɗauki faifansa Anar a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin fina-finan Hausa, waƙoƙin suka bazu ta katin waya har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya ci karo da su. Daga Ilana na 2019 zuwa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, jitarsa ta ƙara gurnani, yana hawa dandali a Turai da Amurka da jerin fedoji a gabansa.

A Amurka da Ingila, injiniyoyi ne suka sa sautin a akwati suka sayar wa makaɗa. A Nijar kuwa, filin biki da ƙaramar amfilifaya ne suka fara samar da shi, feda daga baya ta zo.